Nazarin lamari: kyanwar da ta yi wata biyar tana amai kafin a kai ta asibiti, daga baya aka gano kumburin hanji ne

Asalin lamarin

Kyanwar mace ce mai shekara takwas, an cire mata mahaifa tun tana ƙarama. A wani gidan yawa take, a ɗaya daga cikin biranen Arewa, gida mai sassa uku da yara a kowane sashe. Kamar yawancin magen gida, ba ta da kwano ɗaya. Da safe a zuba mata madara, da rana ta samu kan kifi busasshe ko ragowar shinkafa da miya, da dare a ba ta busasshen abincin kyanwa na leda idan akwai. Tsakanin haka tana farautar ƙadangaru da kyankyasai a bayan ɗakin girki. Nauyinta lokacin da take lafiya kilo 4.3 ne, an rubuta shi a katin rigakafinta.

Shekara da shekaru takan yi amai kamar sau ɗaya a wata, sau da yawa da dunƙulen gashi a ciki. Mutanen gida sun ɗauki wannan ɗabi'ar kyanwa ce kawai. Mutane da yawa haka suke ɗauka, alhali kyanwa mai gajeren gashi da ke yawan fitar da dunƙulen gashi sau da yawa hanjinta ne ba ya tura abu yadda ya kamata.

Watanni biyar kafin zuwa asibiti

Aman ya koma sau ɗaya a mako, daga baya sau uku zuwa huɗu. Iri biyu ne. Akwai na asuba, ruwa ne mai kumfa, launin ruwan ɗorawa, babu abinci a ciki. Akwai kuma wanda ke zuwa awa biyu zuwa huɗu bayan cin abinci, da abincin ya fara narkewa. Duka biyun tana fara su da lasar leɓe da haɗiyar yawu, sannan cikinta ya riƙa kakari. Wannan bayanin yana da amfani, domin shi ke raba amai da tumbuɗi. A tumbuɗi abinci ne ke dawowa ba tare da yunƙuri ba, jim kaɗan bayan an ci, kuma matsalarsa a maƙoshi take, ba a hanji ba.

A gida an gwada abubuwa uku. An sauya busasshen abincin har sau uku, daga wannan kamfani zuwa wancan, amma duk ukun kaza da kifi ne tushensu, sunan leda kawai ya canza. An dafa mata kaza da farar shinkafa tsawon mako guda, ba a ga bambanci ba. Sai aka ba ta rabin ƙwayar Flagyl ta mutane kwana biyu. Maganin yana da ɗaci ƙwarai, ta yi ta dalalar da yawu mai kumfa, ta kuma daina yarda a taɓa bakinta, abin da ya wahalar da duk wani magani da ya biyo baya. An yi sa'a ba a ba ta farasitamol ba. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Rana ta farko: gwaje-gwaje

An kawo ta ne a lokacin hunturu. Nauyinta kilo 3.5, wato ta zubar da kusan kashi 19 cikin 100 na jikinta. Idan an shafa bayanta ana jin ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya. Gashinta ya dakushe. Dasashinta a bushe yake, kuma idan an ɗaga fatar wuyanta ba ta komawa nan take, alamar ruwan jikinta ya ragu. Da aka laluba ciki, an ji hanjin ya yi kauri kamar igiya, amma babu ƙullutu.

Ciwon kumburin hanji mai daɗewa, wanda likitoci ke taƙaitawa da IBD, ba a gane shi da gwaji ɗaya. Sai an kawar da sauran abubuwan da ke sa kyanwa mai irin wannan shekaru amai da rama. Saboda haka aka duba ƙoda da hanta da sukarin jini, duk suna daidai. Aka auna sinadarin tayirod, domin yawansa na sa tsohuwar kyanwa ta riƙa ci tana ramewa tana amai, shi ma daidai. Gwajin cututtukan nan biyu masu karya garkuwar jikin kyanwa, FeLV da FIV, bai nuna komai ba. Ba a ga ƙwan tsutsa a kashinta ba. Hoton ciki ya nuna bangon ƙaramin hanji ya kai kaurin milimita 3.4 a wurare da dama, alhali na kyanwa mai lafiya ba ya cika wuce 2.5 zuwa 2.8. Ba a ga wani abu da ta haɗiye ya toshe hanya ba. Bitamin B12 kuwa ba a auna ba, saboda ɗakin gwajin ba ya yin sa.

Mako na 1 da na 2: tsutsa da tsayar da amai

An yi mata ƙarin ruwa mililita 120 ta ƙarƙashin fata. An ba ta maropitant, maganin tsayar da amai, miligiram 1 ga kowane kilo, wato kwata na ƙwaya mai miligiram 16, sau ɗaya a rana tsawon kwana biyar.

Duk da ba a ga ƙwan tsutsa ba, an yi maganinta, don gwajin kashi guda ɗaya yakan rasa su. Kyanwar da ke cin kyankyaso tana iya ɗaukar wata tsutsa mai maƙalewa a bangon tumbi, wadda guda ɗaya ko biyu sun isa su sa amai na watanni. Mai cin ƙadangare kuma tana iya ɗaukar tsutsar hanta. An ba ta fenbendazole miligiram 50 ga kowane kilo, wato mililita 1.75 na ruwan maganin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, kullum har kwana biyar, aka haɗa da praziquantel.

Muddin tana shan maropitant babu amai. Kwana uku da gamawa ya dawo. Nauyi a ƙarshen mako na 2: kilo 3.5.

Mako na 3 zuwa na 5: gwajin abinci na farko

Hanjin da ke da wannan ciwon, ƙwayoyin garkuwar jiki ne suke taruwa a bangonsa, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke tunzura su shi ne furotin ɗin abincin da jiki ya daɗe da sani. Hanyar gwadawa ita ce a ba dabbar nama iri ɗaya tak wanda ba ta taɓa ci ba, ko kuma abincin kamfani da aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana-ƙanana yadda garkuwar jiki ba za ta gane shi ba. Wani bincike da aka buga a 2001 kan kyanwoyi 55 masu ciwon ciki mai daɗewa a New Zealand ya nuna kusan rabinsu sun warware da sauyin abinci kaɗai.

Abincin kamfanin bai samu a garin ba. Aka zauna da uwargidan aka lissafa duk naman da kyanwar ta taɓa ci: kaza, kifi, naman sa, rago, akuya, ƙwai, madara, har zabo. Zomo ne kaɗai bai shiga jerin ba, kuma ana kiwonsa a unguwar.

An kirga abin da za ta ci bisa nauyin da ake so ta koma, kilo 4.2, wanda ke buƙatar kalori kusan 205 a rana ko da tana kwance. Dafaffen naman zomo yana da kalori kusan 200 a giram 100, don haka aka tsayar da giram 110 zuwa 120 a rana. A dafa shi da ruwa zalla. Ba gishiri, ba magi, ba mai, uwa-uba ba albasa ba tafarnuwa, domin su biyun suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa.

Kuskuren farko a ranar farko aka yi shi. An ɗauke tsohon abincin gaba ɗaya aka ajiye mata zomo, ta sansana ta juya baya. Kwana biyu ba ta ci komai ba, mutanen gida suna cewa yunwa za ta koya mata hankali. Da kare ne da an iya jira. Kyanwa kuwa idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yakan taru a hantarta har hantar ta gaza, kuma wannan ciwon ya fi wanda ake magani haɗari. Sai aka dawo da tsohon abincin aka fara cakuɗawa: kashi ɗaya cikin huɗu zomo na kwana biyu, rabi na kwana biyu, kashi uku cikin huɗu na kwana biyu, rana ta bakwai zomo zalla. Ana ɗan ɗumama shi yadda ƙamshinsa zai tashi. Da haka ta karɓa.

Mako biyu tana kan zomo, aman bai ragu ba: sau uku a makon farko, sau huɗu a na biyu. Uwargidan ta ce, "Likita, zomon nan bai karɓe ta ba." Aka ce, "Hajiya, kafin a yanke hukunci, a sa ido a kanta kwana biyu, a rubuta duk abin da ya shiga bakinta." Takardar da ta dawo da ita ta cika. Kakar yaran a sashen baya tana zuba mata madara a murfin kwano duk asuba, saboda tausayi. Autan gida yana raba mata soyayyen kifinsa a ƙarƙashin tabarma. Tana lasar tukunyar miya idan an ajiye don wanki. An kuma ga wutsiyar ƙadangare a cikin amai ɗaya. Nauyi a ƙarshen mako na 5: kilo 3.4.

Mako na 6 zuwa na 8: gwaji na biyu

Wannan karon gidan aka fara gyarawa kafin kwanon. An ware mata ɗaki ɗaya mai taga da raga, aka sa mata kaskon yashi don bahaya. Mutum ɗaya kaɗai ke ba ta abinci. An je har sashen baya an yi wa kakar bayani, aka kuma ba ta aikin miƙa abincin safe da hannunta, daga cikin wanda aka auna. Wannan ya fi hani aiki.

An raba giram 120 ɗin gida biyar, kusan giram 24 kowane ci, na ƙarshe da misalin ƙarfe 11 na dare. Dalilin na daren shi ne aman asuba: idan tumbi ya daɗe babu komai, ruwan madaciya yana komowa cikinsa ya tayar da zuciya. Aman asuba ya tsaya cikin kwana huɗu.

Naman zalla ba cikakken abinci ba ne, kuma zomo yana da wani gibi na musamman, wato ƙarancin taurine. Jikin kyanwa ba ya haɗa wannan sinadarin yadda zai ishe ta, rashinsa kuma yana raunana zuciya ya lalata ido. Yana kuma zubewa cikin ruwan dahuwa. Saboda haka aka ce romon ma a ba ta, kuma a barbaɗa garin taurine miligiram 250 kullum. Aka ƙara garin calcium carbonate giram 2.5 a kowane rabin kilo na ɗanyen nama, domin tsoka tana da fosfaros da yawa amma ba ta da sinadarin gina ƙashi. Hantar zomon kuma a sa kaɗan, kamar kashi 5 cikin 100 na abincin, kada ta wuce haka.

Zomo ɗaya matsakaici yana kai ta kwana biyar zuwa shida. Ana dafa shi a zare ƙasusuwa, a ƙulla na kowace rana a leda daban a sa a firiza. Abin da ta rage a kwano bayan minti 30 zubarwa ake yi.

An buɗe littafi ana rubuta rana, lokaci, kamannin amai da yanayin kashi, kuma duk Juma'a a auna ta a sikelin jarirai kafin ta ci. A mako na 6 ta yi amai sau biyu, na 7 sau ɗaya, na 8 sau biyu. An samu sauƙi, amma kashinta yana nan da laushi, cin abincinta na hawa da sauka, nauyi bai motsa daga kilo 3.4 ba.

Mako na 9 zuwa na 11: B12 da yankan hanji

A nan aka fara allurar B12, maikirogiram 250 ƙarƙashin fata, sau ɗaya a mako har mako shida, sannan guda ɗaya bayan wata. Ƙarshen ƙaramin hanji ne ke tsotse wannan bitamin, kuma a jikin kyanwa sinadarin da ke taimaka masa shiga jini daga fankiriyas kaɗai yake fitowa, wato gaɓar da ke kusa da tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci. Idan ɗayansu ya kumbura, B12 ya yi ƙasa, ƙarancinsa kuma ya ƙara lalata bangon hanjin ya kashe sha'awar abinci. Allurar ba ta da tsada, kuma abin da ya yi yawa fitsari ke fitar da shi. Bayan allura ta biyu ta fara cinye kwanonta tas.

Sauran tambaya ɗaya: IBD ne ko limfoma mai ƙananan ƙwayoyi, wani ciwon daji na hanji mai tafiya a hankali? A hoton ciki kamanninsu ɗaya, alamunsu ma ɗaya. Sai an yanko ɗan naman hanji an duba. Kuma dole a yi hakan kafin a fara prednisolone, maganin rage kumburi, don yana rage ƙwayoyin da ake nema har sakamako ya rikice. An tura ta wani asibitin koyarwa na dabbobi, aka buɗe ciki aka ɗauki ɗan yanki daga farko da tsakiya da ƙarshen ƙaramin hanji. An duba hanta da fankiriyas a lokaci guda, saboda a kyanwa bututun madaciya da na fankiriyas haɗuwa suke yi kafin su shiga hanji, shi ya sa gaɓoɓin uku kan kumbura tare. Nata ba su nuna komai ba.

Sakamako ya fito bayan mako biyu: kumburi matsakaici na ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira limfosait da filasma, nau'in IBD da aka fi gani a kyanwa. Ba a ga limfoma ba.

Mako na 12 zuwa na 21: prednisolone

Sai da aka cire zaren ɗinki aka fara, domin maganin yana jinkirta warkewar rauni. Miligiram 5 sau ɗaya a rana, kusan 1.5 ga kowane kilo. An ja kunnen mai sayo magani ya karanta kwalin da kyau: prednisolone, ba prednisone ba. Sunayen sun yi kama, amma jikin kyanwa ba ya amfana da na biyun sosai. Tun da har yanzu ba ta manta da ɗacin Flagyl ba, ana dunƙule ƙwayar cikin ɗan naman zomo, a fara miƙa mata loma ɗaya marar magani, sannan mai maganin.

Daga mako na 12 zuwa na 15 sau ɗaya kawai ta yi amai. Kashi ya ɗaure. Nauyi ya hau zuwa kilo 3.7. An rage zuwa miligiram 2.5 kullum na mako huɗu, sannan 2.5 bayan kwana ɗaya-ɗaya, wato ana tsallake rana, daga mako na 20. Ba a yanke irin wannan magani kwatsam. An duba sukarin jini a mako na 16, saboda yana iya jawo ciwon suga, aka kuma ce a lura ko tana shan ruwa ko fitsari fiye da kima.

A mako na 17, ana tsakiyar zafi, aka yi kwana biyu babu wuta. Naman firiza ya narke ya sake daskarewa, ta ci ta yi amai sau uku da zawo a yini ɗaya. An zubar da naman duka, aka ba ta maropitant kwana biyu, ba a taɓa adadin prednisolone ba. Daga nan aka samo abincin kamfani mai farfasasshen furotin daga Legas, aka shigar da shi a hankali cikin kwana goma har ya zama rabin abincinta. Ya magance matsalar wuta, ya kuma cike bitamin da ma'adanan da girkin gida ba ya cikawa. Nauyi a mako na 21: kilo 3.9.

Mako na 22: Babbar Sallah

Tun mako na 14 aka bar ta tana fita tsakar gida da rana. Ranar suyar naman layya ta samu soyayyen naman rago, da albasa da yaji a jikinsa. Ba a san yawan abin da ta ci ba. Washegari ta fara amai, sau biyar cikin kwana uku, ta ƙi abinci yini guda. An duba jininta saboda albasar, ba a ga ya ragu ba. An yi mata ƙarin ruwa, maropitant kwana uku, aka mayar da prednisolone 2.5 kullum na mako biyu kafin a koma tsallake rana. Ta koma ɗakinta har naman Sallah ya ƙare a gidan.

Mako na 32 zuwa na 40

A mako na 32 an gwada dakatar da prednisolone gaba ɗaya. Cikin kwana goma sha biyu amai ya dawo sau biyu a mako, ba tare da ta ci wani abu daban ba. An mayar da ita kan 2.5 bayan kwana ɗaya-ɗaya, ya lafa. A mako na 40 nauyinta kilo 4.1, ta yi amai sau ɗaya cikin mako shida, gashinta ya dawo da sheƙi, sukarin jini daidai.

Abin da lamarin ya nuna

Abinci shi ya ɗauke kaso mafi girma na aman, daga sau huɗu a mako zuwa ɗaya ko biyu, amma bai isa shi kaɗai ba. Gwajin mako na 32 ya tabbatar da haka. Wannan kyanwa ba ta cikin rabin nan da sauyin abinci kawai ke warkarwa, kuma ciwon nata lallaɓa shi ake yi, ba warkewa ya yi ba.

Gwajin abinci na farko bai faɗi saboda zomo ba, ya faɗi ne don ba a yi shi ba. Da an yarda da hukuncin mako na 5, da an watsar da naman da ya dace da ita, an kuma ɗora ta kan magani mai yawa tana ci gaba da shan madara. Laifin bai tsaya kan mutanen gida ba. Ya kamata tun ranar farko a tambayi mutum nawa ne ke ba ta abinci, a kuma bayyana yadda ake sauyawa a hankali. Rashin yin haka ya ci mako uku da giram 100 na jikin dabbar da ba ta da rarar da za ta zubar.

B12 ma an makara. Kyanwar da ta yi wata biyar tana amai, ta rame haka, hanjinta ya yi kauri a hoto, ta cancanci allurar tun makon farko ko da ba a auna ba. Jiran sakamakon yankan hanji kafin prednisolone kuwa daidai ne, duk da ya ƙara mako uku, domin da limfoma ce da sai an haɗa da chlorambucil, maganin ciwon daji, kuma da bayanin da za a yi wa masu ita ya bambanta.

Sakamakon yankan bai rufe maganar limfoma har abada ba, don kumburin da ya daɗe yana iya rikiɗewa. Ana ci gaba da auna ta duk Juma'a, gwajin jini da na suga duk wata shida. An gaya wa uwargidan ta dawo da ita ba tare da jiran ranar ganin likita ba idan ta rasa giram 200, ko ta yi amai fiye da sau biyu a mako, ko ta wuni ta kwana ba ta ci ba.